Ranar da Sufeto Ya Tarar da Ajina Wayam

Na fara koyarwa ana saura shekara guda a sami mulkin kai, a wata ƙaramar firamare ta En'e da ke bakin fadama, gaba da Ambursa idan ka miƙi hanyar Argungu. Ni malamin gwaji ne a lokacin, wato wanda ya gama midil aka miƙa masa alli ba tare da ya shiga kwalejin horon malamai ba. Irinmu ba mu da gindin zama. Idan aka yaba da aikinka sai a tura ka kwaleji ka dawo cikakken malami, idan ba a yaba ba a sallame ka, ka koma gidan ubanka. Ni kuwa ba abin da nake so a duniya kamar in shiga kwalejin nan.

Hedimastanmu shi ne ya koya mini karatu tun ina elemantare a Argungu. Dogon dattijo ne mai sanyin murya, kullum da goro a kumatu, ban taɓa ganin ya ɗaga wa yaro bulala ba. Shi ya taka har gidanmu ya roƙi mahaifina, wanda masunci ne kuma manomin shinkafa, ya bar ni in wuce midil. Da aka ba shi wannan makaranta kuma shi ya nemo ni. Malam nake ce masa, shi kuma ɗana yake ce mini ko a gaban yara. A wancan lokacin ko cewa ya yi in faɗa gulbi da damina, sai dai in tambaye shi ta wane mashigi.

Kafin mulkin kai Bature ne ke zuwa duba makarantu, kuma zuwansa ba ya ɓuya. Masinja zai riga shi isowa, sai makaranta ta rikice kamar gidan biki. A shafa wa bango farar ƙasa, a jera duwatsu a bakin hanya su ma a shafa musu, a kora yara gulbi su yi wanka. Kowane malami ya zaɓi darasi ɗaya ya yi ta nanata wa yara har su iya shi cikin barci. Daƙiƙan aji kuwa a ba su tuluna, a tura su ɗebo ruwa, a ce kada su yi gaggawar dawowa. Bature ya zo ya shaƙi ƙamshin farar ƙasa, ya gyaɗa kai, ya rubuta abin da zai rubuta, ya kama gabansa. Sau ɗaya na ga wannan wasa, kuma ya ba ni kunya ƙwarai.

Da aka sauke tutar Bature aka ɗaga tamu, sai hedimastoci suka dawo daga taro a Birnin Kebbi da sabon tsari. Daga yanzu sufeto ɗan ƙasa ne, kuma ba zai aiko ba, faɗowa kawai zai yi. Zai duba ko malami yana bin jadawali, ya ƙirga yaran da ya tarar a aji, ya duba shirin darasi da tsabta, kowanne ya ba shi maki. Mu malaman gwaji, da wannan rahoto nasa za a yanke mana hukunci. Tsofaffin malamai suka yi ta gunaguni, ni kuwa har tafi na yi. Na ce yanzu ne za a bambance mai aiki da mai shafa farar ƙasa. Ga shi kuma wanda zai zo namu ne, ruwan gulbin nan ya sha, ba sai an yi masa tafinta ba. Ƙuruciya dangin hauka.

Wanda bai zauna kwarin Rima ba ba zai san tashin hankalin da ake shiga ba idan shinkafa ta fara nuna. Lokacin ne tsuntsayen jan-baki ke zuwa. Da sassafe suke tasowa kamar hadari, su sauka a gona, kafin ka ce kwabo sun tsotse ta sun bar maka ƙaiƙayi a tsaye. Idan rana ta take sai su shige inuwa, ba za su dawo ba sai la'asar sakaliya. Maganinsu ɗaya ne, yara. Kowane gida yana kafa ɗan dandamalin itace a cikin ruwa, a ɗora yaro a kai da majajjawa da curin laka da igiya mai gwangwanaye, ya yi ta ja yana ihu. Ni ma na yi, har muryata takan dishe. Uban da zai bar wa tsuntsu abincin shekara don ɗansa ya je ya koyi lissafi, ba a haife shi ba a ƙasarmu, kuma ni ban ga laifinsa ba.

A shekarata ta farko na ga yadda abin yake ƙarewa. Aji ya watse, aka tura yaran mai gari su kamo ɗalibai, iyaye suka ɓoye su, aka yi ta ɓacin rai. Bayan yankan shinkafa wasu suka dawo sun manta ko yadda ake riƙe fensir, wasu kuma ba mu sake ganin ƙeyarsu ba. Saboda haka da shinkafa ta sake ɗaukar ciki a shekara ta biyu, na sami Malam a ofishinsa, na durƙusa na gaishe shi, na kawo masa shawara.

Na ce, "Malam, tunda tsuntsun ga da sahe da marece shika ɓanna, mi ka hana mu maida ajina tsakar rana? Yara su yi tsaro da sahe, in rana ta take su taho mu yi karatu hal la'asar, su koma hwadama."

Ya tauna goronsa, ya dube ni. Can ya ce, "Ɗana, wagga dubara ta yi. Ni da nit tsuhwa cikin aikin ga ban taɓa tuna ta ba. Mu gwada da naka ajin tukuna. Da sahe kuma kak ka zauna, shiga jirgi ka zagaya hwadama, iyaye su gan ka, yara su san ana jiran su."

Na ce, "To jadawali hwa, Malam? Ba a rubuta ma Birni ba?"

Ya yi dariya. "Bari Birni. Kahin takarda ta je ta komo an yanke shinkahwa an sussuke. Ni na hedimasta. In magana ta taso, ni ad da ita."

Haka muka fara, kuma abin ya karɓu fiye da yadda na zata. Da safe in naɗe wando in shiga kwalekwale, in bi dandamali ɗaya bayan ɗaya, in gaisa da iyaye, in tambayi yaro bakwai sau takwas yana jan igiya yana ba ni amsa. Rana na takewa sai ka ga sun hauro daga fadama ƙafa duk laka, su cika benci. Da muryoyinsu a dishe suke biya karatu, kai ka ce kwaɗi ne a bakin tafki, amma karatun yana shiga. Wani tsoho da ko sallamar malamin boko ba ya amsawa, sai ga shi yana aiko mini da kifi. A gabana Malam ya ce wa mai gari, "Ka ga aikin ɗana? Aji nai ɗai ac cike." Ranar kaina har ya yi mini nauyi don daɗi.

Wata safiya da hantsi na hauro daga fadama, wando a naɗe, laka har gwiwa, sai na hango babur a jingine gindin bishiyar makaranta. Gabana bai faɗi ba, murna ma na yi. Na ce yau za a ga aiki. A ƙofar ajina na tarar da sufeto a tsaye. Saurayi ne, bai girme ni da yawa ba, da farar riga mai guga da agogo da jakar fata. Malam yana gefensa, hannu a baya. Ajin kuwa wayam, daga benci sai allo.

Da Hausar littafi sufeton ya yi mini magana, irin ta waɗanda suka yi karatu a nesa. "Kai ne malamin wannan aji?"

"Ni na, ranka shi daɗe."

"Jadawali ya ce yanzu lissafi ake yi. Ina yaran? Kai kuma daga ina haka?"

Na yi masa bayani tiryan-tiryan, har da ɗan alfahari. Na faɗi tsuntsaye, na faɗi yadda aji ya watse bara, na faɗi yadda yake cika bana. Na rufe da cewa, "Da izinin Malam anka yi."

Sufeto ya juya wajen Malam. Malam ya dubi ƙasa, ya dubi bango, ya gyara murya. Ya ce, "Ranka shi daɗe, ni dai na san yaron shina hita neman yara da sahe. Amma batun canza jadawali, ban san da shi ba."

Na ɗauka kunnena ne bai ji daidai ba. Na dube shi, ina jiran ya ƙara wani abu, ko ya yi dariya ya ce wasa yake. Sai kawai ya shiga kakkaɓe hannun rigarsa wanda ba komai a jikinsa. Na roƙi sufeto ya ɗan dakata rana ta take, zai ga ajin da idonsa. Ya dubi agogo, ya ce akwai wata makaranta a gabansa, kuma doka ta ce abin da ya tarar shi zai rubuta. Ya ce, "In na zauna na jira a tara mini yara, to me ya raba ni da Bature?"

Wannan dokar ce fa na yi wa tafi. Ya leƙa sauran azuzuwan, inda malamai ke tsaye daidai kan jadawali suna koyar da tsirarun yaran da suka samu, ya ba su makinsu, ya hau babur. Yana fita daga makaranta yarana na haurowa daga fadama da allunansu a hannu. Suka ratse masa a hanya suna ɗaga masa hannu, don ba kullum suke ganin babur ba. Ya gan su, na tabbata ya gan su, don sai da ya rage gudu kafin ya wuce.

Da aka tashi Malam ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa. Ya ce, "Ɗana, gaban baƙo na. Yaron ga sabon shiga na, shina neman inda za shi gwada ƙarhi. Da na amsa nan take, da mu biyu za shi haɗawa. Bari sai mun je Birni gaban manya, can ni ka warware komi. Kwantad da hankalinka."

Na kuwa kwantar. Ina jin haushin kaina idan na tuna, amma mutumin da ya riƙe hannunka ya koya maka rubuta baƙin farko, ba a rana ɗaya kake daina yarda da shi ba. Ya ce in mayar da aji safe har ƙura ta lafa, na mayar. Benci suka koma wayam. Iyaye suka fara kallona a hanya kamar wanda ya yi musu alkawari ya saɓa, tsohon nan mai kifi ya koma ba ya amsa sallamata.

Ba a daɗe ba aka kira mu Birnin Kebbi. Mota ɗaya muka shiga da Malam, ya matsa mini wuri kusa da shi, ya ɓara goro ya ba ni rabi, muka yi ta hirar farashin albasa kamar ba abin da ke gabanmu. Shi ya sauka gidan wani ɗan'uwansa, ni kuma na sauka wajen kafintan da ke yi wa makarantarmu benci, wani Kirista mutumin ƙasar Filato da ya daɗe a garin da iyalinsa. Matarsa ta kawo mini tuwo, na kasa ci. Da kafintan ya ji abin da ya kawo ni, sai ya tura mini kwanon ya ce, "Malam, ci abincinka. Dattijo kamar wannan ba zai yi ƙarya a gaban dattijai ba." Na ci, don ni ma abin da nake gaya wa kaina ke nan.

Washegari muka shiga ofishin ilimi. Babban jami'in, shi ma ɗan ƙasa ne mai furfura, yana zaune bayan tebur, sufeto na gefe, aka ba Malam kujera, ni ina tsaye. Aka karanta rahoto. Bin jadawali ba maki, yawan yara ba maki, har da cewa an tarar da malami ba ya bakin aiki, jikinsa duk laka. Jami'in ya tambaye ni ko ina da magana. Na maimaita abin da na faɗa a makaranta, kalma ba ta canza ba, na ce ga Malam nan a tambaye shi. Na juya na dube shi da zuciya ɗaya.

Malam ya zame daga kujera ya ɗan russuna. Ya ce, "Ranka shi daɗe, yaron ga ni nir rene shi, kuma shina da ƙoƙari, ba ni ɓoye wannan. Amma wagga magana ta jadawali ban san da ita ba. Ƙuruciya ta ɗai. Ina roƙon arziki a yi mai sassauci, albarkacina."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Jami'in ya cire tabarau ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ka ji ko? Kai kana ɗora mai laihi, shi kau shina roƙa maka." Nan take na koma maƙaryaci marar kunya mai yi wa ubangidansa ƙazafi, shi kuma ya zama dattijo mai yafiya. Jami'in ya ce saboda darajar Malam ba za a kai maganar gaba ba, amma an cire sunana daga masu zuwa kwaleji, kuma gwajina ya ƙare daga ƙarshen wata. Har cewa ya yi in gode wa Malam.

A waje, gindin wata bishiya, Malam ya cim mini. Ban tsaya ba sai da ya riƙe mini hannu. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ɗana, canza jadawali ba da izini ba, laihin hedimasta na, ba na ƙaramin malami ba. Da na amsa, sauke ni za su yi, ga ni bakin hwansho, ga iyali. Kai yaro na, in ka hwaɗi kana tashi. Ni in na hwaɗi, wa ka tada ni?"

A nan na gane cewa tun ranar da ya rufe ƙofar ofis ya ce in kwantar da hankali ya riga ya gama lissafinsa. Goron mota ma yana cikin lissafin. Sakiyar da ba ruwa ya yi mini, kuma da gangan. Na zare hannuna na tafi tasha ni kaɗai.

Sufeto ban riƙe shi da zafi ba sosai, ko da yake har yau ina mamakin ɗan kwarin Rima da zai ga yara suna haurowa da allo da laka a ƙafa ya kasa juya babur. An ba shi ma'auni ne ya auna, ma'aunin kuma bai san jan-baki ba, kamar yadda na Bature bai sani ba. Mun sami mulkin kai, amma jadawalin da aka rataya mana a bango bai san lokacin da shinkafa ke nuna ba, kuma ba wanda ya tambaye mu. Wannan ya ba ni takaici. Amma takaici daban, cin amana daban. Malam ya san tsuntsu, ya san iyaye, ya san ni, shi ya ce in je in yi.

Na tattara tabarmata da akwatina na koma Argungu. Na ba mahaifina labari daga farko har ƙarshe yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi bai ɗago ba. Da na gama ya ce, "Ka yi sallama da Malam?"

Na ce, "Baba, mutumen da yay yi min hakanga?"

Ya ajiye komar ya dube ni. "Na ji abin da yay yi, kuma Allah na gani. Amma wanda yak koya ma karatu ba a barin shi ba sallama. Ba a gidan ga ba. Gobe ka koma."

Ba a yi wa mahaifina musu. Na koma ƙauyen a ƙafa, ina tafe ina shirya maganganun da zan faɗa masa, masu zafi, waɗanda za su hana shi barci. Na tarar da shi a ƙofar gida bisa buzu, ga mai gari da liman da wasu dattawa zaune tare da shi. Duk abin da na shiryo ya maƙale. Na tuɓe takalmi na durƙusa a gabansa kamar yadda na saba tun ina yaro, na ce na zo sallama, in na yi masa wani laifi ya yafe mini.

Ya ɗora hannunsa a kaina. Ya ce, "Na yahe ma, ɗana, duniya da lahira. Allah shi yi ma albarka, shi ba ka abin da yah hi koyarwa."

Dattawa suka shafa, suna yaba halin Malam, suka zuba mini ido suna jira. Na ce amin.